Laso da Lasho

Duk wanda ya sake ce mini gini wasan laka ne, zan ja shi har gindin bango in ɗora masa tubali a hannu ya jefa wa Kaka yana can sama. In tubalin ya isa hannun tsohon bai dawo ya fasa wa mai jifa goshi ba, na yarda ya yi ta tsokanata har furfura ta fito masa. Da ku nake, abokaina na lekwal, wato makarantar boko, ku da kuke wucewa da wando mai guga kuna kirana Mutari ɗan kwaɓa. Ni fa tsohon ma'aikaci ne. Tun haƙoran gabana ba su gama fitowa ba nake cikin sana'ar nan, kuma na ga bangon da ya ramar da ni a bazara ɗaya har sai da na riƙa ɗaure wandona da igiya.

Aikina na farko taka ƙasa ne. Amalanke za ta juye jar ƙasa a ƙofar gida, a buɗe tsakiyarta a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, sannan a ce wa yaro shiga. Za ka taka har cinyoyinka su fara yi maka magana. In ka ce ta yi, Kaka zai ɗebi kaɗan ya murza a yatsa ya sansana, ya ce, "Wannan ko kaza ba za ta yarda a yi mata akurki da ita ba. Koma." A bar ta ta kwana ta ruɓa, gobe ka sake shiga. Daga nan a cura tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Sai jifa. Magini yana zaune a kan bango kamar mai hawan raƙumi, kai kana ƙasa kana aika masa, kuma dole kowane tubali ya iso masa a hankali, daidai tafin hannu. Tubalina na farko bai je wurin Kaka ba. Tukunyar maƙwabciya ya je, da miyar kuka a ciki.

Kakan nawa shi ne Baba Ari magini, wanda rabin zaurukan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, suka san tafin hannunsa. Babana yana tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar Agadas, shi ya damƙa ni gare shi, ya ce da safe lekwal, da yamma laka, kuma duk inda tsoho ya sa ƙafa nan zan sa tawa. Kayan aikin Kaka ba su cika buhu ba. Akwai dundurusu na sarar busasshiyar ƙasa, akwai igiya da tsani, akwai wani baƙin dutse mai santsi da yake goge yaɓe da shi, wanda in na taɓa ba izini yakan zage ni har kakana, ya manta shi ne kakan. Yana da cokalin gini, amma bayansa yake sosawa da shi. Kunnensa na hagu ya daɗe da ajiye aiki, na dama kuma yana zuwa ran da ya ga dama.

Shekarar da aka yi ruwan nan mai yawa ita ta karya mu. Katangu suka yi ta zubewa a Birni kamar ana kiran suna. Kaka ya rantse babu ko ɗaya da ta fito daga hannunsa, duk aikin masu gaggawa ne da ba sa barin ƙasa ta ruɓa, amma wanda ɗakinsa ya faɗi ba ya tsayawa bincike. Kowa ya koma tubalin siminti. Mu da muke tayar da zaure, muka dawo ginin murhu da makewayi. Wata mata ta kira mu gyaran ɗakin awaki, ta tsaya a kanmu tana cewa mu rage buge-buge, akuyarta ciki gare ta. A hanyar gida ranar Kaka ya fara maganar Dakusa, inda ƙanensa yake da gona. Ya ce tunda gari ya gaji da mu, gara mu je mu yi noma. Ni da ban iya bambanta tsiron gero da ciyawa ba, sai na ji tuwon ranar ya ƙi wucewa.

Ana cikin haka Hajiya Fanna ta aiko a kira mu tsohon gidan silimar unguwarmu. Mahaifinta ne ya gina shi, wani attajirin gyaɗa, tun kafin telebijin ta shigo Damagaram. Ba shi da rufi. Fili ne mai faɗi da katanga kewaye, a gaba dakalan ƙasa na masu ƙaramin tike, a baya kujerun ƙarfe na manya, can ƙarshe wani ɗan ɗaki a sama mai ƙananan tagogi inda injin fim yake. A ɗaya ƙarshen kuma bangon da ake haska fim a jikinsa, wanda in ka tsaya a gindinsa ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi. Da bidiyo ya zo mutane suka zauna a gidajensu, aka rufe shi. Ya zama ma'ajiyar albasa, ya zama ta gawayi, daga baya ya zama na jemagu da duk wanda fitsari ya matsa a hanyar kasuwa.

Tarihin gidan yana bakin Baba Issufu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana juya injin, yanzu kuma yake gyaran rediyo a ƙofar. Shi ya nuna mini ramukan da ke jikin bangon, ya ce wurin duwatsun da mutane suka jefi mugun cikin fim ne. Ya ce in fim ya tsinke ana tsakiyar rawar Indiya, takalma ake aiko masa ta taga, har ya tara ƙafa ɗai-ɗai da za su cika shago. Ya ce akwai manyan da suke zuwa sun ja rawani har ido, su zauna kusa da juna, kowa ya yi kamar bai gane tarin ɗan'uwansa ba. Kaka kuwa yana saurayi ya jefa tubalin wannan bango, amma tun da aka gama bai sake leƙawa ba, don ubangidansa ya ce duk yaron da ya shiga silima ya nemi wani ubangida. Bayan bangon kawai ya sani.

Hajiya ta daɗe tana aikin gwamnati a Yamai kafin ta dawo gida, Hausarta da Faransanci a ciki kamar wake a shinkafa. Ba ta ɓoye mana komai ba.

"Baba, ƙanena ya riga ya yi magana da mai katafila. Yana so a share wurin a yi shaguna. Na roƙi ƴan'uwa sun ba ni zuwa faɗuwar damina. In ruwan farko ya sauka bangon nan yana tsaye, ana iya kallon fim a jikinsa, gidan ya tsira. In ba haka ba, ba ni da sauran bakin magana."

Kaka ya zagaya bangon, ya bubbuga shi da dunƙulen hannu, ya kara masa kunnen dama kamar mai sauraren gulma.

"Zai tsaya, ƴata. In bai yi ba na ajiye dundurusu har abada, in ɗauki wannan ɗan banzan mu tafi Dakusa."

"Kaka, ni me na yi?"

"Kai ne kayana. Ana barin kaya a baya?"

Tsagar da ke tsakiyar bangon muka fara kamawa. Daga sama ta taso har kusan gindi, a wani wurin ɗan akuya zai ratsa ta bai goge gashinsa ba. Ba laka ake cusawa a rufe ba yadda kuke zato. Sai an ƙara buɗe ta an cire duk abin da ya mutu, har ka hango mutanen kasuwa ta ciki. Sannan a sassaƙa gurabu a gicciye, a kwantar da guntayen azara su riƙe ɓangarorin biyu kamar ɗinki, a jiƙa, a jera sabon tubali kaɗan, a bar shi ya sha iska kafin a ɗora wani. Gindin da fitsari ya cinye muka ƙwaƙule muka cike, muka tayar da ƴan katangu masu kauri ta baya su tokare shi. In Kaka yana can ƙoli iska ta buso, da idona nake ganin bangon yana ɗan rausaya, ni kuma ina ƙasa ina karanta duk abin da na haddace, har addu'ar cin abinci.

Ran da tsaga ta rufe, Hajiya ta zo dubawa. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"Baba, in kun gama yaɓe, fuskar nan duka lasho nake so. Daga sama har ƙasa, kamar zamanin mahaifina."

Kaka ya juyo mata kunnen dama. "Me kika ce? Laso?"

"Eh, lasho."

"Ke kin san laso?"

"Haba Baba, a gabana ake shafa wa bangon nan muna yara."

"Allah ya yi miki albarka. Rabon da wani ya tambaye ni shi tun uban yaron nan yana yawo ba wando. Amma yana cin lokaci fa, kuma yana da wari."

"Ai in ya bushe warin yana gushewa."

"Yana gushewa," in ji Kaka, bakinsa har kunne.

Nan abin ya karkace, ba wanda ya sani a cikinmu. Lasho da Hajiya take nufi farar ƙasa ce, wadda ake jiƙawa a shafa wa bango ya yi fari, sunanta ne na Faransanci da ma'aikata suka saba da shi. Laso da Kaka ya ji kuwa tsohon yaɓe ne da ake yi wa soron manya don kada ruwa ya ratsa, launinsa kuma na toka ne mai duhu. Ɗan abin da ya raba kalmomin bai samu shiga kunnen Kaka ba. Shi bai taɓa ganin fim ba balle ya san farin bango yake so, farin da ke jikin bangon kuma ruwan damina ya wanke shi tun ba a haife ni ba. Ni ina wurin, amma a gidanmu farar ƙasa muke cewa, laso kuwa ranar na fara jin sa. Da Kaka ya ce mini baƙi-baƙi ne, ban ga aibu ba. Fuskar wayar salula baƙa ce, ta telebijin baƙa ce, na ce ashe haka fim yake so. Wanda zai tsayar da mu Baba Issufu ne, shi kuma washegari Hajiya ta tafi da shi Yamai ɗauko sabon inji.

Neman katsi ya fara kai ni marina. Katsi shi ne dattin da yake kwanciya a gindin ramin rini, kuma tsohon marinin da muka samu ya ce yana da shi tuli, amma bayansa ba zai bar shi ya sauka ba. Kaka ya dube ni. Suka ɗaura mini igiya a ƙugu suka zura ni kamar guga. Na fito shuɗi har wuya, yara suka biyo ni suna tafi, kakata ta leƙo ta ce ba ta san ni ba, in gwada gidan gaba. Katsin nan muka cura muka shanya, muka ƙona shi, muka daka har ya zama gari. Gashin awaki kuma a majema ake samun sa, shi ne yake riƙe laso kada ya tsage. Ba zan ba ku labarin warin ba, tunda wataƙila kuna cin abinci. Abin da zan ce, ɗan kabu-kabun da na tsayar ya sansana buhun sau ɗaya ya ce shi yau ba ya aiki.

Saura dafara, saiwar wata itaciya mai yaɗo da ake dakawa a jiƙa, ruwanta ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Babu ita a gari, sai da muka je Dakusa. Ƙanen Kaka ya tarbe mu da fura, sannan ya ja ni bayan rumbu ya nuna mini wata hauya da ƙotarta ta fi ni tsawo.

"Ga taka nan, ɗan birni. Na sa an wasa maka ita."

"Kaka ƙarami, ai ba zama muka zo ba."

"Na sani. Za ta jira ka, ba ta gajiya."

Ya nuna mini gonar ma. Na duba gabas ban ga ƙarshenta ba, na duba yamma na ga jiri.

Shafa laso da hannu ake yi. A kwaɓa garin katsi da gashi da ruwan dafara, a ɗeba a manna, a baje da tafin hannu, in ya fara ɗaukar iska a bi shi da dutse ana gogewa har ya yi sheƙi. Daga sama muka faro, Kaka a kan tsani ɗaya, ni a kan ɗaya da bokiti a rataye a wuya. Fatar yatsuna ta saɓule. Kaka kuwa tun da nake ban taɓa ganin sa haka ba, yana gogewa yana waƙe-waƙen samartaka da muryar da ta kori jemagun gidan gaba ɗaya. Tsofaffin unguwa suka riƙa shigowa suna shafa bangon suna cewa ashe akwai sauran mai yin wannan a duniya. Ba wanda ya ce uffan game da launi, don duk cikinsu ba mai yarda ya taɓa shiga silima. Ran da muka gama, shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bayan gidan. Kun san in ta zo, ruwa yana hanya.

Da hantsi Hajiya ta dawo, Baba Issufu yana bayanta rungume da kwalin inji. Ta yi taku kaɗan ta tsaya cak. Baba Issufu ya ajiye kwalin a hankali ya ɗora hannu a ka.

"Baba, mene ne wannan?"

"Laso ne, ƴata. Taɓa ki ji. Ko kogi aka juye masa ba zai ji ba."

"Lasho na ce! Lasho! Fari!"

"To ai shi ne, laso."

Baba Issufu ya zagaya ta wajen kunnen dama ya ɗaga murya. "Ari, farar ƙasa take nufi! Farar ƙasa!"

Kaka ya dubi bangon, ya dubi hannuwansa.

"Farar ƙasa? To farar ƙasar ba ta da sunan yanka ne, sai an kira ta da na Nasara?" Ya juyo kaina. "Kai kuma ɗan lekwal, me suke koya maka a can?"

"Kaka, ba mu kai darasin bango ba tukuna."

Ba wanda ya yi dariya. Bayan magariba Baba Issufu ya kunna sabon injin, wani ɗan abu kamar burodi da yake kallo da raini, ya haska. Bangon ya shanye hasken kamar yadda yashi yake shan ruwa. Wasu inuwoyi ne kawai suke yawo a ciki, ba ka sanin mace ce ko doki.

"Wannan ne fim ɗin?" in ji Kaka. "Don wannan hayaƙin mutane suke saɓa wa iyayensu?"

Washegari muka jiƙa farar ƙasa muka gwada a gefe. Ta gangaro ƙasa kamar an zuba nono a kan leda, abin da ya rage kuma da ya bushe na hura shi da baki ya tashi. Laso an yi shi ne don kada komai ya kama shi, kuma Kaka ya yi shi da kyau fiye da kima. Na ce a rataya farin ƙyalle. Baba Issufu ya ce iskar damina za ta kai shi Cadi kafin a gama sallama. Na ce fenti. Ya ce ƙyalli yake yi ya kashe ido. Hajiya ta ce to a kankare lason.

"In aka kankare, bangon ya zama tsirara a gaban hadari," in ji Kaka. "Sabon tubalin ciki bai gama ƙarfi ba. Ruwan farko zai kwantar da shi, ba sai katafila ta wahala ba."

Salular Hajiya ta yi ƙara. Ƙanenta ne, labari ya riga ya kai masa. Muna jin muryarsa daga nesa yana dariya yana tambaya ko gidan makoki ta buɗe. Ta kashe, ta zauna a kan dakalin gaba, ta sunkuyar da kai. Ni kuma ƙotar hauyar nan nake gani a duk inda na juya.

Can ta ɗago. "Baba Issufu, lokacin da ake shafa wa bangon nan muna yara, me ya sa ake ba mu ƙaro mu daka? Na tuna ina satar sa ina taunawa har haƙorana su manne."

Baba Issufu ya buga cinya. "A cikin farar ƙasar ake zubawa! Da gishiri, da ɗan shuni don farin ya fito."

Kaka ya sa aka maimaita masa. Ya yi tunani, ya ce ƙaro zai taimaka, amma ko shi ba zai kama santsi ba, sai an karce fuskar lason ta yi kaushi, ba tare da an huda ta ba. Ya kafa ƙusoshi a jikin wani katako, ya lanƙwasa bakinsu, ya je gaban bangon ya ɗaga hannu. Hannun ya tsaya a sama. Sai ya miƙo mini.

"Ungo, kai da ba ka da kunya. In ka zurfafa na ji, sai na yi maka irinta a baya." Ya juya ya zauna yana kallon ƙofa.

Karce bango mai wannan girma aikin mahaukaci ne. In ka danna da yawa ka buɗe wa ruwa hanya, in ka sassauta ba ka yi komai ba. Na yi ta ja a gicciye da a tsaye har kafaɗata ta daina zama tawa, kuma duk hawan da zan yi sai na dubi gabas. Kullum da yamma hadari yana haɗuwa, ya yi baƙi, ya yi mana gurnani, ya watse. Hajiya da kanta ta ɗaura zane ta zauna daka ƙaro. Farar ƙasar kuma ba a lafta ta. Tsararo ake yi kamar ruwan koko, a shafa da tsintsiya mai laushi, a jira ta bushe, a sake, a sake. Shafin farko bango ya yi kamar mai ƙyasbi. Na biyu ya yi kamar wanda ya tashi daga jinya. Wannan karon daga ƙasa muka faro, don Kaka ya ce a fara ganin ko za ta kama kafin a wahalar da tsani, shi ya sa ƙasa ta samu shafi da yawa ta bushe, sama kuwa muna cikin yi mata.

Ina can ƙoli da la'asar iska ta juya ta yi sanyi. Kaka ya ƙwala mini kira in sauko. Ban san yadda na iso ƙasa ba, na dai san tsintsiya ta riga ni. Muka ruga ɗakin inji mu huɗu muka cushe, kowa ya kama ƴar taga. Ruwa ya sauko kamar da gayya, yana dukan bangon a fuska. Na ga farin ruwa yana gangarowa, yana taruwa a gindi, yana bin fili kamar an kifar da ƙwaryar nono ta duniya duka.

"Tafiya yake yi," in ji Baba Issufu.

"Na sama ne," in ji Kaka. "Yi mini shiru."

Hajiya carbi take ja da sauri har ina jin ƙarar ƴaƴansa. Ni na rufe ido ɗaya, ɗayan ya ƙi rufuwa.

Da ruwa ya ɗauke muka fita muna taka laka. Bangon yana tsaye. Kaka ya zagaya baya ya dudduba ɗinkin, ya tura yatsa a gindi, ya dawo bai ce komai ba, wanda a wurinsa yabo ne. Amma sama ta wanke tas ta koma launin toka, kamar bangon ya sa hula. Daga kafaɗarsa zuwa ƙasa fari ne. Hajiya ta je ta goga yatsa da ƙarfi, ta duba yatsan. Ta sake gogawa da bakin mayafinta. Babu abin da ya biyo.

Aka jira magariba. Baba Issufu ya haska, sai ga mutane sun fito ras, da riguna masu launi, da hannuwa, har zoben wata mata ana gani. Kawunansu ne kawai babu, sun shige cikin hular. Mutum yana ta magana yana nuna ƙirji, wuyansa ya ƙare a duhu.

"Yanzu na ga fim," in ji Kaka a hankali. "Amma wa ya yanke su?"

"Ba rabin bango na yi alkawari ba, Baba," in ji Hajiya.

"Na ƙasa ya bushe kafin ruwa, ya kama. Na sama ɗanye ruwa ya tarar. In Allah ya ba mu rana, na sama ma zai kama. Ban ce ki yarda da bakina ba, kin goga da hannunki."

Salula ta sake ƙara. Ta dube ta har ta kusa tsinkewa, sannan ta ɗauka. Filin ya yi tsit, muna jin ƙanenta sarai.

"Yaya, an yi ruwa. Bangon ya faɗi?"

"Yana tsaye."

"Ana ganin fim?"

Ta ɗaga kai ta dubi mutanen nan marasa kai suna ta harkarsu.

"Ana gani har wuya," ta ce. "Sauran kuma magini yana kai. Ka sallami mai katafila."

Na zauna daɓas a cikin laka, ban ma ji sanyinta ba. Kaka ya zungure ni da ƙafa.

"Tashi, malalaci. Je ka jiƙa ƙaro. Gobe da sassafe za ka hau ka mayar wa bayin Allah nan da kawunansu."